Baƙin Wuyan Hibatullahi

A Zangon Sokode, in aka ce amarya daga hannun Mu'minatu ta fito, ba a ƙara tambaya. Shekara talatin ke nan tana gyaran amare. Za a kawo mata yarinya rana ta gama ƙone ta, gwiwar hannu kamar bayan tukunya, sai ta kulle ta a ɗakin baya mako uku, ta murje ta da dilka, ta turara ta, ta yi ta ɗura mata kunun gyaɗa da madarar gwangwani har kumatu su tashi. Ran da za a fito da ita, uwar da ta haife ta ma sai ta sake dubawa. Mu'minatu ta san ta iya, kuma ba ta cikin masu ɓoyewa. In kin yaba aikinta sau ɗaya, ita za ta ƙarasa miki sauran yabon da bakinta.

Amarya ɗaya ce ta ba ta wahala, kuma tata ce ta cikin gida. Hibatullahi 'yar ƙanwarta Fadima ce. Fadima ta faɗi a bakin murhu wata safiya, ɓarin jikinta ya shanye, bayan kwana tara ta cika, ta bar yarinya 'yar shekara shida. Mu'minatu ba ta taɓa haihuwa ba, ta ɗauke ta ta riƙe, Hiba kuwa ta tashi ba ta san wata Mma ba sai ita. Ta yi makaranta har ta iya karatun Faransanci, ta koyi ɗinki, ta buɗe shagonta. Tana da shekara ashirin da shida ta kawo Ikrama, wani ɗan Dapaong mai fataucin shanu, ta ce shi take so, kuma ba wanda ya ja da ita.

Wahalar a wuyanta take. Tun tana budurwa wani baƙi mai laushi ya kwanta mata a bayan wuya da hammata, irin na dauɗar da ta daɗe. Mu'minatu ta yi shekaru tana yi mata gori a kai. "Mace har mace, amma wanke wuya ya gagare ki. Kuma a gidana." Hiba ta goga da soso har fatar ta yi ja, ta sa lemon tsami, ta sa toka, baƙin yana nan inda yake.

Da aka sa rana, dangin ango suka nemi a yi gwajin jini kamar yadda ake yi yanzu. Hiba ta je asibiti da sassafe ba ta ci komai ba, aka ɗebi jininta, washegari ta shiga ɗakin gyara. To, amaryar da ta shiga ɗaki a hannun Mu'minatu ba ta sake taka ƙofar gida sai ranar biki, ko da kuwa gobara ake yi a maƙwabta. Don haka da sakamako ya fito, Hiba ta ce Mma ta je ta karɓo mata.

Ma'aikaciyar da ke riƙe da takardun Rachida ce, wadda Mu'minatu ta gyara da hannunta shekara huɗu da suka wuce. Ta jawo mata kujera, ta tura ƙofa.

"Mma, wannan ta farkon ita ce mutanen ango suke so, kuma lafiya lau take. Ta biyun ce nake so mu yi magana a kai. Ni na ƙara mata wannan gwajin, analiz ɗin suga da kitse, don na ga wuyanta, na kuma auna ƙugunta."

"Ciwon suga ne?"

"Bai kai ba tukuna, amma yana kusa. Akwai wani abu da jiki yake yi, ana ce masa insulin, shi ke sa sugan abinci ya bar jini ya shiga tsoka. Jikin Hiba ya fara ƙin jin maganarsa, shi ya sa yake ta ƙara zubo shi. Ga suganta ya ɗan hau, ga kitsen jini ya hau. Baƙin wuyan nan ma ba dauɗa ba ne, Mma, alamar abin ce."

Mu'minatu ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Gorin shekara goma ya dawo mata a lokaci ɗaya, ta rasa inda za ta sa ido.

"Abin da ya fi damuna tansiyon ne, wato awon hawan jini," in ji Rachida. "Yau nata sha biyu ne, ba matsala. Amma masu irin wannan jikin, ƙoda tana riƙe musu gishiri, jijiyoyinsu suna tauri, hawan jini ya fi saurin kama su. Ga mahaifiyarta, kin fi ni sanin abin da ya kayar da ita. Ki kawo ta mu zauna. A rage zaƙi, ta riƙa tafiya a ƙasa, a auna ta duk wata. Ran da ta sami ciki kuwa, ta nuna wa sajfam, ungozomar asibiti, takardar nan tun kafin su gama gaisawa."

Mu'minatu ta ce to. Ta ce Allah ya yi albarka. Ta hau babur ta koma gida da takardu biyu a jaka, kafin su kai kwanar masallaci ta riga ta raba takardun a ranta.

In za a yi mata adalci, akwai tsoro a ciki. Ta san bakin mutane. In aka ji an fito da amarya daga ɗakin gyara an kai ta asibiti saura kwana goma sha bakwai biki, kafin labarin ya isa Dapaong ya zama wata cuta mai suna. Amma tsoron rabi ne kawai. Sauran rabin girman kai ne, kuma ita ma ta sani. Ta gyara 'ya'yan mutane fiye da ɗari biyu, yau ga tata ɗaya tilo, a ce a hana ta madara, a fito da ita kamar an ɗauko ta daga jinya? A ce matan Zango su zo su leƙa su koma suna cewa ashe aikin a waje kawai yake kyau? Ta aika wa dangin ango takardar farko. Ta biyun ta ninka ta huɗu, ta tura ƙasan akwatin zannuwanta, ta ce a ranta da zarar an gama biki za ta gaya wa yarinyar komai.

Aka ci gaba da gyara yadda aka saba. Kunun gyaɗa da safe, madara tana malala a kai. Sakwarar doyar Kparatao da rana. Fura da suga da la'asar. Hiba tana ture kwano tana cewa, "Mma, zan fashe," ita kuma tana cewa, "Fashe mana, in ɗinke ki da kekenki." Wuyan kuwa ta daina gogawa, ta daina gori, Hiba har ta yi mamaki. Ranar biki ta shafe wurin da hoda mai kauri, ta jera masa murjani sahu biyar. Amarya ta fito, mata suka yi ta guɗa, aka yi mako ana zancen a famfo da wurin niƙa. Mu'minatu ta ji daɗi, kuma ba ƙaramin daɗi ba, wannan shi ne abin da daga baya ya fi ci mata rai.

Bayan biki ta ce bari amarci ya lafa. Amarci ya lafa, azumi ya shigo, ta ce ba a tayar wa mai azumi hankali. Hiba ta zo ganin gida da Sallah, kwana huɗu suna kwana ɗaki ɗaya, akwatin yana gefen gado, Mu'minatu ba ta buɗe ba. Duk watan da ya wuce, maganar tana ƙara nauyi, domin yanzu ba cutar kawai za ta faɗa ba, sai ta haɗa da dalilin shirunta. Ta fara canza hanya in ta hango Rachida a kasuwa.

Wata goma sha huɗu da biki Hiba ta kira ta a waya tana ta kewaye-kewaye, har dai Mu'minatu ta gane ciki ne. Ta yi hamdala, ta yi addu'a, ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji kanta tana cewa, "Ki riƙa zuwa awo." Hiba ta ce to. Mu'minatu ta sake faɗa mata a wata wayar, ta sake a ta uku. Ta daina sa madarar gwangwani a cikin saƙon da take aika mata da direbobin tasha, Hiba ta turo murya tana dariya, wai Mma ta koyi rowa da tsufa. Da waɗannan ƙananan abubuwa Mu'minatu take lallashin kanta cewa ai kusan ta faɗa ke nan.

Ranar wata Talata bayan azahar Ikrama ya kira. Muryarsa ba ta fita sosai. Hiba ta faɗi a kan keken ɗinki tana jijjiga, an kai ta asibiti, an yi mata aiki an ciro yarinya, cikin bai cika wata takwas ba. Su biyun suna da rai, iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Mu'minatu ta buɗe akwatin, ta ɗauko takardar, ta sa a jaka. Da safe ta shiga motar farko. Suka wuce Bafilo, suka tsaya a Kara aka sauke buhunan doya, suka wuce Kante da Mango, matar da ke kusa da ita ta miƙo mata soyayyen cukun wagashi, ta girgiza kai. Duk tsawon hanyar tana shirya yadda za ta fara maganar, kuma duk farkon da ta shirya sai ta ga ya fi kama da kare kai.

Ikrama ne ya tare ta a ƙofar asibiti, rigarsa ta jiya ce a jikinsa, idanunsa jajur. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya karɓi ƙullin kayanta.

"Mma, yarinyar ƙarama ce ƙwarai, ban yarda in jira ba. Na yi mata huɗuba tun jiya. Sunanki na sa mata, Hiba ta daɗe da gaya min haka take so."

Mu'minatu ta dafa bango. Hajiya Baraka, mahaifiyar Ikrama, ta ɗauka gajiyar mota ce, ta kama hannunta ta zaunar da ita a benci.

"Ki huta, Hajiya. Allah ya riga ya taƙaita. In an sallame su sai ki tafi da 'yarki gida ta yi wanka, haihuwar fari ce, hakkinki ne. Mu ma mun san hannun da ya rene ta ya fi namu sanin jikinta."

Abin da Mu'minatu ta fi shekara tana jira ke nan. Ta riga ta sayi itacen dafa ruwa, ta gyara ɗakin baya, ta ɗinka zannuwan goyo. Kwana arba'in da Hiba da jaririya a gabanta, ita ke wanka, ita ke gashi. Yanzu an miƙo mata shi a hannu, ba abin da ake nema a wurinta sai ta ci gaba da shirun da ta riga ta iya.

Hiba tana kwance a gadon kusa da taga, fuskarta a kumbure, robar ƙarin ruwa a hannu. An ɗaure mata jaririyar a ƙirji da zane don ta sami ɗumin jiki, kanta bai fi lemo babba ba. Da ta ga Mma sai ta fara hawaye ba sauti. Mu'minatu ta zauna a bakin gadon ta riƙe ƙafarta, ƙafar ta yi taushi, yatsa yana nutsewa a ciki.

Ba a jima ba ungozomar asibitin ta shigo da abin awo, wata doguwar mata 'yar ƙabilar Moba mai Hausar kasuwa. Ta ɗaura wa Hiba a dantse, ta matsa, ta rubuta a kati, sannan ta juyo.

"Kai ne maman shi? Jiya tansiyon shi ya kai ashirin. Allah ne ya riƙe shi. Sau ɗaya kawai ya zo awo, wata uku, lokacin tansiyon shi lafiya. In da mun san jikin shi yana da haɗari, muna duba shi kowane sati biyu, muna ba shi magani tun farko." Ta ɗaga kan Hiba a hankali ta duba bayan wuyanta. "Wannan baƙi ya daɗe. Ba a taɓa yi ma shi analiz na suga da kitse ba?"

"Sai na aure," in ji Hiba. "Kuma an ce lafiya lau. Ko ba haka ba, Mma?"

Jakar tana kan cinyar Mu'minatu, hannunta a kai. Ta ce, "Haka ne."

Ungozoma ta ce daga yanzu magani ne kullum, wataƙila har tsawon rai, idon hagun da yake gani dishi-dishi kuma sai an jira a ga ko zai washe. Ta fita. Hajiya Baraka ta tafi gida kawo abinci, Ikrama ya tafi masallaci sallar la'asar. Aka bar su biyu da jaririyar.

"Mma," in ji Hiba, tana kallon silin. "Ni na jawo. Sau uku kika ce in je awo. Ɗinkin Sallah ya yi min yawa, ga Ikrama yana Tanjuware wurin shanu, na ce ai ba inda ke min ciwo. Da ƙafa ta kumbura kowa ya ce haka ciki yake. Kai ya yi ta sara min mako biyu, na sha farasitamol na koma kan keke. Da na san akwai wani abu a jikina, wallahi ko da rarrafe zan je. Dubi yadda na fito da ita. In wani abu ya same ta, ni na yi." Ta juyo da kai da ƙyar. "Ki yafe min, ban ji maganarki ba."

Mu'minatu ta sha jin kunya a rayuwarta, amma ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ta yi wa ungozoma ƙarya yanzun nan ta zauna daram, ta karɓi sunan jaririya ta zauna daram, amma a ce yarinyar nan, da ɗinki a cikinta, ita ke roƙon gafara, wannan ta kasa haɗiye shi. Ta ga sarai yadda abin zai kasance in ta yi shiru. Za su koma Sokode, za ta yi mata wanka da gashi, kowa zai yaba, Hiba kuma za ta ɗauki laifin ta riƙe har ta tsufa, tana gode wa Mma a kai.

Ta zuge jakar. Ta zaro takardar, ta warware ninkin huɗun, ta miƙa mata.

"Takardun biyu ne. Wannan ban ba kowa ba."

Hiba ta kai ta kusa da idon dama. Ta karanta sunanta, ta karanta lambobin, ta karanta abin da Rachida ta rubuta da biro a ƙasa ta ja masa layi biyu. Ta koma sama ta duba kwanan wata, ta daɗe a wurin.

"Ina ɗakin gyara ke nan."

"Kina ciki."

"Me ta ce miki?"

Mu'minatu ta faɗa duka, ba ta rage ba. Zaƙin da aka ce a rage, awon wata-wata, maganar Fadima, maganar ranar da za ta sami ciki. Ta faɗi na wuyan ma, cewa ba dauɗa ba ne, bai taɓa zama dauɗa ba. Ta so ta ce tsoron kada a fasa auren ne ya sa ta, kuma da ta faɗi haka ba ƙarya ta yi ba, amma ta ji in ta tsaya nan ta sake ɓoye rabi.

"Na ji tsoron bakin mutane. Kuma na so a ce tawa ta fi ta kowa kyau. Na ce bayan biki zan gaya miki, kullum ina cewa gobe."

Hiba ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Jaririyar ta motsa, ta gyara mata hula da yatsa ɗaya. A waje wani yana tura gadon marasa lafiya, tayarsa ɗaya tana ƙara. Mu'minatu ta zauna tana jira, ta gwammace a zage ta.

"Madarar nan da kika daina aikowa," in ji Hiba a hankali. "Ashe shi ya sa."

"Shi ya sa."

"Ina ta yi miki dariya." Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin katin asibiti, inda ungozoma za ta gani. Sai ta dubi Mu'minatu sosai, da idon mai kyau da marar kyau. "Mma, abu ɗaya zan tambaye ki, kuma ki gaya min gaskiya. Da jiya na mutu, da kin nuna wa Ikrama wannan?"

Amsar da za ta gyara komai tana nan a bakin Mu'minatu, gajeriya, kuma ba mai iya ƙaryata ta har abada. Ta duba cikin ranta ko za ta same ta da gaske. Abin da ta gani shi ne kanta a zaman makoki, ana ba ta haƙuri, ana cewa ta yi riƙon da uwa ma sai haka, akwatin kuma a rufe.

"Da ban nuna ba," ta ce.

Hiba ta gyaɗa kai, kamar dama abin da take zato ke nan. Ta sa tafin hannu ta rufe bayan jaririyar.

"Sunan an riga an yi huɗuba, ba zan sa a canza ba. Ikrama ma ni zan gaya masa da kaina, ba yau ba." Ta ja numfashi, ɗinkin ya ja ta, ta jira ya lafa. "Amma ki bi motar safe, Mma. Hajiya Baraka za ta yi min wankan."